Nasiha A Kan Karatun Fataucin Giya A Jami'o'in Turawa

Ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai, ku sani a ƙasashen Turawa akwai wani fanni da a ke karantarwa a manyan jami'o'i, watau ilmin giyar inabi da fataucinta. Yaro ya kan zauna shekara uku ko huɗu yana karatunsa, a jarraba shi, a ba shi takardar shaida kamar yadda a ke ba likita, sa'an nan ya fita ya nemi abinci da ita. Tun da ya ke 'ya'yanmu suna ƙetare teku neman ilmi, wannan fanni kuwa yana cikin jerin fannonin da za su tarar a can, ya wajaba mu san abin da ke cikinsa, domin ba a yanke wa abu hukunci sai an san surarsa.

Masifa ce ta ɗaukaka wannan karatu. A shekara ta 1863 wani ƙwaro ƙanƙane mai suna filoksera, wanda ya zo daga Amurka, ya bayyana a kudancin Faransa yana cin saiwar inabi har itacen ya bushe. Giyar da Faransa ta tatsa a 1875 ta kai lita miliyan 8,450, amma a 1889 ba ta wuce miliyan 2,340 ba. Manoma suka rasa dabara. Wani malamin jami'ar Monfeliye mai suna Planchon yana cikin waɗanda suka gane ƙwaron a 1868, daga baya masana suka tsaya a kan magani guda: a yanko reshen inabin Turai a aura shi a kan gindin inabin Amurka wanda ƙwaron ba ya iya kashewa, kamar yadda masu lambu ke yi wa mangwaro aure. A cikin waɗannan shekaru aka buɗe makarantar Geisenheim a Jamus a 1872, a 1880 kuma majalisar Kalifoniya ta umurci jami'arta da ta riƙa bincike da karantarwa a kan inabi da giya. Da Amurka ta haramta cinikin giya daga 1920 zuwa 1933 karatun haɗa ta ya tsaya, sa'an nan aka kafa masa sashe a garin Debis a 1935.

Karatun ya kasu kashi uku. Na fari ilmin noma ne: sanin ƙasa, da ban ruwa, da sassabe reshe, da cututtukan itace. Na biyu ilmin haɗi ne: yadda a ke matse inabi, a bar ruwansa ya tsimu har zaƙinsa ya juye ya zama abin maye, a adana shi cikin ganga da kwalba. Na uku ilmin fatauci ne, shi ne ƙaraminsu a shekaru. Jami'ar Sonoma ta Kalifoniya ta buɗe masa cibiya a 1996. A nan a ke koyon lissafin shiga da fita, da dokokin haraji da na fito, da talla, da yadda za a jawo baƙi zuwa gona su ɗanɗana su saya, da yadda za a buɗe kasuwa a ƙasar da mutanenta ba su saba da sha ba.

To, abin da mu ke cewa shi ne, sunan jami'a ba ya wanke sana'a. Haramcin giya a bayyane ya ke cikin Suratul Ma'ida, aya ta 90. Tirmizi da Ibnu Majah kuma sun ruwaito hadisin da ya la'anci mutum goma a kan sha'aninta, mashayi ɗaya ne kawai daga cikinsu, sauran masu hidimarta ne tun daga matsa har cin kuɗinta. Saboda haka wanda ya ce, ni ba na sha, akawu ne kawai a ofis, sai ya duba inda albashinsa ke fitowa. Malamanmu na mazhabar Maliki sun hana ko da sayar da inabi ga wanda aka san zai matse shi ya yi giya, domin toshe hanyar ɓarna. In an hana mai gona, ina ga wanda ya yi shekaru yana koyon yadda zai ƙara yawan mashaya? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum miliyan 2.6 da barasa ta yi sanadin mutuwarsu a shekara ta 2019 kaɗai. Mai digirin talla, gwanintarsa ita ce kwalabe su ƙare a kanti. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ko ta fuskar duniya ma kasuwar ja da baya ta ke yi. Ƙungiyar inabi da giya ta duniya ta ba da labarin abin da aka sha a 2024, lita biliyan 21.4, tun 1961 ba a ga ƙarancinsa haka ba. A 2023 gwamnatin Faransa ta ware kuɗi don a biya manoman Bordo su tumɓuke inabinsu, saboda giya ta yi kwantai.

Amma kada wannan ya kai mu ga wani kuskuren, watau ƙin kowane ilmi da ya ratsa ta gonar inabi. Pasteur, malamin Faransa, a kan giya ya yi bincikensa da ya wallafa a 1866, ya nuna ƙwayoyin da ido ba ya gani ne ke lalata ta, kuma ɗumama ta yana kashe su. Da wannan dabara a ke tsare madara yau a ko'ina. Millardet na jami'ar Bordo ya bayyana a 1885 cewa shuɗin gishirin jan ƙarfe da farar ƙasa suna maganin fumfunar ganyen inabi. Da shi a ke feshin tumatir da dankali har yanzu. Inabi kansa ɗan itace ne mai albarka, ana cinsa ɗanye, ana shanya shi ya zama zabibi, kuma ana nomansa a ƙasar Kudan kusa da Zariya. Almajirin da ya koyo kashi na fari ya dawo da shi ga irin waɗannan manoma ya yi abin yabo. Kama da wane ba ta wane: itace ɗaya ne, amma inda aka nufa da 'ya'yansa shi ke raba hukunci.

Don haka muna kiran almajiri, kafin ya sa hannu a takardar kowane fanni, ya nemi jerin darussansa ya karanta ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaya ko ɗanɗana giya sharaɗi ne na cin jarrabawa, domin a kashi na biyu da na uku ɗanɗanawa tana cikin darasi. Ya tambaya ina waɗanda suka gama su ke aiki. In ya tarar ƙofar fita ɗaya ce, kuma ga ma'aikatar giya ta ke kaiwa, to ya juya ga ilmin lambu, ko na adana abinci, ko na fatauci sake, duk ana karantar da su a jami'o'in nan. Muna kiran malamai kuma, in yaro ya zo da tambaya kada a sallame shi da tsawa. A zauna da shi a rarrabe masa kashi ukun nan, a nuna masa wanda zai ɗauka da wanda zai bari, da dalilin kowanne. Yaron da aka kora ba bayani, wurin wani zai tafi ya tambaya.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya ciyar da mu halal, ya tsare zuriyarmu.