Wai Shi Ma Malami Ne?

Akwai wani al'amari da ya shigo mana, wanda in muka yi shiru alhakin shirun yana wuyanmu. Watau cinikin nan da samari ke kira netwok, inda mutum zai biya kuɗi ya karɓi kaya, a ce masa babbar ribarsa tana ga jawo waɗansu su ma su biya. Ba kayan ne suka dame mu yau ba, ko shayi ne, ko agogo, ko maganin ƙarfin jiki. Abin da ya dame mu shi ne mutumin da ake danƙa wa sabon shiga, wai jagoransa, wai shi zai koya masa sana'a. Har mun ji yara suna ce masa malam!

To, me yake koyarwa? Darasin fari, ya miƙa wa yaro takarda ya ce rubuta sunan duk wanda ka sani: kawunka, gwaggonka, abokanka na makarantar allo, matan da uwarka ke adashi da su. Na biyu, kada ka gaya musu ko mene ne, ka ce dai su zo taro akwai alheri. Na uku, wanda ya fi muni, duk wanda ya hana ka, ko da mahaifinka ne, maƙiyin arzikinka ne. In yaro ya kasa samun kowa, sai a ce zuciyarsa ce ta mutu, ya ƙara ƙoƙari, ya ci bashi ya sayi ƙarin kaya.

Haba jama'a! Mu jikokin fataken goro ne, mun san yadda ake koyon ciniki. Tun zamanin da ayari ke tasowa daga Kano zuwa Salaga, har zuwa gidajen goro na Kumasi, yaro yakan zauna wurin maigida shekaru. Ya koyi shimfiɗa ganye a huhu, ya koyi yayyafi, ya koyi tsince mai sankara kafin ya ɓata sauran. Maigida ke ciyar da shi, in ya rasa lafiya ya nema masa magani, daga baya ya yanka masa jari ya sallame shi. Kuɗi daga sama suke gangarowa wurin yaro. A wannan sabon ciniki kuwa daga aljihun yaro suke haurawa sama, jagora ya ɗebi nasa, na bisansa ya ɗeba. Kuma ba ranar sallama, gama ran da yaro ya tafi, abincin jagora ya ragu.

Za su ce ai dillanci ne, la'ada kuwa halal ce. Gaskiya la'ada halal ce. Amma dillali yana cin la'ada don ya haɗa mai saniya da mai son saniya. Wa ya shiga netwok don yana ƙishin shayi? Kowa kuɗin da aka kwaɗaita masa ya biyo, bai san ko zai samu ba. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san sunan wannan, garari ne. Kwamitin fatawa na Saudiyya ma ya haramta irin wannan ciniki tun 1425 Hijira, watau 2004. Kada kuma a ce malamai ne ba su waye ba: a Amurka, a 2016, kamfanin Herbalife ya yarda ya biya dala miliyan 200 bayan hukumar ciniki ta ƙasar ta zarge shi da yaudarar masu shiga game da abin da za su samu.

Ga kuma lissafi, ko ɗan aji huɗu ya iya. A ce kowa ya kawo mutum 2, su ma kowa ya kawo 2. In aka riɓanya sau 25, layin ƙarshe kaɗai yana bukatar mutum fiye da miliyan 33. Ƙidayar Gana ta 2021 kuwa ta sami miliyan 30.8, har da jarirai. Na ƙasa kullum su ne masu yawa, su ne kuma masu hasara.

Ba mu zagin samarinmu. Rashin aiki gaskiya ne, zaman banza a bakin titi da ciwo. Shi kansa jagoran sau da yawa ɗan wani ne a Nima ko Aboabo, an cinye kuɗin auren yayarsa, yana neman wanda zai fanshe a kansa. Amma tausayi ba ya mai da shi malami.

Saboda haka muna roƙon shugabannin ƙungiya kada su ƙara ba da zauren taro haya don wannan. Iyaye mata, a riƙe kuɗin adashi. Kai kuma yaro, in jagora ya kira ka, tambaye shi a gaban dattijo: a watan jiya nawa ya samu daga sayar wa wanda ba ɗan netwok ba, kuma cikin waɗanda ya jawo bara, mutum nawa suka mai da kuɗinsu? Ya kawo a rubuce.