"An Kai Dutse": Harsashin Benayen Nasarawa

Da Turawa suka ci Kano a 1903 suka kafa mazauninsu a Nasarawa, gine-ginen da aka yi a unguwar marasa nauyi ne. Gidan Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a nan a 1909, ginin ƙasa ne, ga shi tsaye har yau. Yanzu kuwa ana ta yanka manyan filayen nan ana ɗora benaye, kuma abin da kan kwantar wa mai gini hankali shi ne a ce masa, "Ranka ya daɗe, an kai dutse." Lalle ne a tuhumi wannan magana.

Kano a kan tsohon dutse take zaune, amma ruwa ya daɗe yana cin samansa. Mahaƙa rijiya sun san haka sarai: in an wuce jar ƙasa da marmara, sai a tarar da ruɓaɓɓen dutse, wanda a ido dutse ne, amma in ya jiƙa a murtsuke shi da hannu. Fa na ainihi yana can ƙasa, zurfinsa kuwa ba ɗaya ba ne ko a fili guda. Wani lokaci ma dunƙulen dutse ne kwance cikin ruɓaɓɓen, injin haƙa ya ci karo da shi, a zaci an iso.

A irin wannan ƙasa, bene mai nauyi kan bukaci turakun kankare da rodi, waɗanda ake zubawa cikin ramuka masu zurfi. Turke yana sauke kayansa ta hanya biyu, watau ta gindinsa da kuma ta jikinsa, inda kankare ya ciji bangon rami. A ruɓaɓɓen dutse jikin ne yakan fara ɗaukar mafi yawa, don da turke ya nutsa 'yan milimita kaɗan cizon ya kama, alhali gindi sai ya nutsa sosai kafin ya karɓi rabonsa, balle in an bar ɓurɓushi a ƙasan rami. Ashe kaushin bango shi ne jari. Ramin da aka bari a buɗe da damina, bangonsa ya yi laushi, laka ta shafe shi ya yi santsi, ko da wane irin siminti aka cika shi an riga an yi asara.

Abin mamaki, mai ginin da ba ya tayi a kan tayil shi ne ke ganin kuɗin gwajin ƙasa ɓarna ce. Bai kamata hukumar tsara birni ta sa hannu a takardar dogon bene ba sai ta ga sakamakon haƙar gwaji, rami fiye da ɗaya, kowanne an zarce dutsen farko da 'yan mitoci don a tabbata ba dunƙule ba ne.