Nelson Ɗan Wane Ne?

Mun gaji da shafukan nan na intanet masu sayar da ma'anar suna kamar ƙosai a bakin tasha. Ka rubuta Nelson a wayarka, nan take su ce maka "gwarzo", wasu ma har da "mai nasara". Daɗin baki ne kawai. Nelson ba ya nufin komai face "ɗan Neil", kamar yadda Johnson yake ɗan John. Sunan zuri'a ne a Ingila, ba sunan yanka ba. Shi kuwa Neil ɗin daga Niall na mutanen Ailan ya fito, kuma har gobe masana ba su daidaita a kan ma'anarsa ba.

To me ya ɗauko shi daga ƙarshen suna ya kawo shi gaba? Mutum ɗaya ne, Horatio Nelson, jagoran sojojin ruwan Birtaniya da aka harbe a yaƙin Trafalgar a 1805, ranar da ya ci rundunar Faransa da Sifen. Iyaye suka riƙa yi masa takwara, sunan ya bi mulkin mallaka da makarantun mishan ya zaga duniya. A irin makarantar nan ne wata malama ta dubi yaro ɗan shekara 7 mai suna Rolihlahla, ranar da ya fara zuwa, ta laƙaba masa Nelson. Ba wanda ya shawarci mahaifinsa. Yaron nan shi ne Mandela, wanda ya kwashe shekara 27 a kurkuku. Wannan tarihi duka shafukan suka share, suka miƙo mana kalma ɗaya mai zaƙi.

Masu yi wa sunan dariya kuma, wai "sunan uban wani" ne, su ma ba mu ƙyale su ba. Mu waiwayi gida. Buhari fa? Ma'anarsa mutumin Bukhara, birnin da ke Uzbekistan a yau. Sunan Imamin na yanka Muhammadu ne. Jilani kuwa mutumin Jilan ne, can ƙasar Iran. Babu uban da ya yanka rago a Katsina yana nufin ɗansa ɗan Uzbekistan ne, albarkar mai Sahihi yake nema. Haka uban da ya raɗa wa ɗansa Nelson a Jos bayan 1990: bai san Neil ba, bai damu da Trafalgar ba, tsohon nan ya gani ya fito daga kurkuku da hannu a dunƙule.