Filin Makanikai: In Injin Yankan Ciyawa Ya Ƙi Aiki

Damina a Bangui doguwa ce, tun daga wajen Afrilu har Nuwamba ana ruwa, ciyawa kuwa ba ta jiran kowa. Matasanmu da yawa a Kilomita Biyar da ɗan injin yankan ciyawa na ratayawa suke ci da iyalinsu, suna share filayen gidaje da makarantu da masallatai. Ranar da injin ya kwanta, ranar babu cefane. Kayan gyara kuma sai sun taso daga Duwala, sun bi ta Garuwa-Bulayi da Buwar. Saboda haka bari mu duba wurare biyu da suka fi ba mu wahala, wato kabureta da kuloci.

Yawancin ciwon kabureta daga mai yake farawa. Waɗannan injuna ba su da tankin baƙin mai, sai an gauraya fetur da man 2T. Kamfanin STIHL ya ba da ma'auni na kashi 50 da 1, wato mililita 100 na man 2T a cikin lita 5 ta fetur. Fetur ɗin kwalba na bakin titi, mu tace shi da ƙyalle mai tsabta, gama ƙura da ruwa ba su da wuyar shiga. Gaurayen da ya wuce kwana 30 kada mu zuba shi.

In injin ya tashi da cok, amma da an cire cok sai ya mutu, to mai ne ba ya isa. Mu zaro 'yar matatar da ke cikin tanki, mu duba tiyo ko ya tsage, sannan mu buɗe kabureta mu taɓa 'yar fatar robar da ke ciki. In ta ƙandare, sai canji. Kada a zura waya cikin ramukanta, za su faɗaɗa. In kuwa hayaƙi ya yi yawa, fulogi, wato buji, ya fito baƙi a jiƙe, mu fara da wanke matatar iska.

Kaburetocin Walbro da Zama galibi sukuru uku gare su: L, da H, da na silo mai alamar T ko LA. In an ba da wuta injin ya shaƙe, a sassauta L kaɗan. H kuwa mu yi hattara da shi. Wasu kan ɗaure shi don su ji injin na kururuwa, nan kuwa mai ya ragu, da man shafawar da ke cikinsa, fistin ya ƙone. Garin neman ƙiba a samo rama.

Sai kuloci. Shi ba a taka shi kamar na mota. Takalma ne da sifirin ke riƙe da su, in gudun inji ya ƙaru sai su buɗe su kama gwangwanin da ke juya wuƙa. A silo, wajen juyi 2,800 a minti, wuƙa ba ta motsi. In mun ga tana juyawa, mu rage silo. In ba ta daina ba, sifirin ya saki ko ya karye, ko kuma iska na shiga ta wata kafa. Wannan ba abin wasa ba ne, jama'a. Mutum ya ajiye inji yana tsammanin lafiya, wuƙa ta ci ƙafarsa ko ta yaron da ke kallo. A kashe shi, a kai gyara.

In kuma injin na ihu amma wuƙa na tsayawa cikin ciyawa, takalman sun cinye ko giris ya shafe su. Wani lokaci kuma bakin sandar da ke cikin bututu ne ya side. Kafin mu kwance komai, mu fara cire hular fulogi.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ba mu sa'a, Ya tsare mu. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.