Karatun ƙirar jiragen sama: wace makaranta, wane fanni?

Kowace shekara, in sakamakon bak ya fito, akan samu ƴan makaranta masu ƙwazon lissafi da ke cewa su injiniyan jiragen sama da kumbo za su zama. Buri ne mai kyau. Amma uban da zai saida gero ko bisashe domin wannan karatu ya kamata ya san inda hanyar take ɓullewa.

Abin da ya fi dacewa ga ɗan Nijar shi ne ya fara da fanni mai faɗi: lissafi da fizik, ko injiniyancin makanika, ko na lantarki. Jirgin sama ba wani abu ba ne illa ƙarfe da inji da iska da wayoyin lantarki, kuma darussan shekarun farko kusan ɗaya ne a dukkan waɗannan fannoni. Wanda ya ƙware a makanika yana iya ƙarawa da ilimin jirage daga bisani. In ƙofar ba ta buɗe ba, yana da aiki a ma'adinai ko a tashar wutar lantarki. Wanda kuwa takardarsa ta jirage ce kaɗai, in ya komo gida, babu masana'antar ƙera jirgi da ke jiransa.

Cheick Modibo Diarra na Mali haka ya bi. Ya karanta lissafi da fizik da makanika a Paris, sannan ya tafi Jami'ar Howard ta Washington, daga baya hukumar NASA ta ɗauke shi, har ya sa hannu a aikin kumbon Pathfinder da ya sauka duniyar Mars a 1997. Sai dai a lura, dokokin Amurka sun tsaurara ɗaukar baƙi a irin wannan aiki, saboda kusancinsa da makamai.

Makarantar ISAE-SUPAERO ta Tuluz, garin kamfanin Airbus, ta yi suna ƙwarai, amma yawanci sai an yi shekara 2 na shiri an ci gasa mai tsanani. Tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024, neman biza ma ya zama wata doguwar tafiya. Maroko na da masana'antun kayan jirgi kusa da Kazabalanka, kuma da Faransanci ake karatun injiniya a can. A Kaduna akwai cibiyar fasaha ta sojan sama, ga wanda ya iya Ingilishi.

Abin mamaki, makarantar da ke Yamai ita ce ake yawan mantawa. EAMAC, ta hukumar ASECNA, tun 1963 take horar da masu ba jirage hanya, da masana yanayi, da injiniyoyin na'urorin filin jirgi. Ba a koyar da ƙirar jirgi a cikinta, gaskiya ne, amma aikin da take koyarwa akwai shi a filayen jirgin Yamai da Agadas da Damagaram. Ya kamata shugabannin lise su riƙa sanar da ɗalibai lokacin gasar shigarta tun kafin jarrabawar bak.