Lanƙwasa Ƙarfe: Guduma Kaɗai Ba Ta Isa Ba

A kasuwar Panteka ta Kaduna, da ƙananan maƙeru na cikin gidaje, ana fitar da akwatuna da murahu da ƙofofi daga fallen ƙarfe, sau da yawa ba da wata na'ura ba sai guduma da guntun ƙarfen da ake bugu a kansa. Wannan abin yabo ne. Amma a ganina ana asarar ƙarfe da ƙarfi a banza, saboda ba a kai wa masu sana'ar ilimin da ke jibge a sassan injiniya na jami'o'inmu ba.

Mai karatu ya lura, idan aka lanƙwasa falle, bayansa miƙewa yake yi, cikinsa kuwa ya takure. Shi ya sa kusurwar da aka matse ainun take tsagewa ta baya. Ga ƙarfe mai taushi, wanda sinadarin kabon ɗinsa kaɗan ne, ƙa'idar ita ce a lanƙwasa shi a kan baki mai ɗan zagaye, gwargwadon kaurin fallen, ba a kan kaifi ba. Haka nan falle yana da jijiya ta inda aka murza shi a masana'anta. Lanƙwasar da ta gitta jijiyar ta fi jure tsagewa.

Na biyu, ƙarfe yakan ɗan koma baya da zarar an sake shi. Wanda yake son digiri 90 sai ya zarce da digiri biyu ko uku. Na uku, idan kauri ya ninka sau biyu, ƙarfin da ake bukata ninkawa yake sau huɗu. Abin da ya lanƙwasa falle mai milimita 1 cikin sauƙi yana iya gazawa a kan mai milimita 2.

Maganin bai bukaci kuɗin waje ba. Ƙarfe mai kusurwa guda uku, da hinji biyu masu ƙwari, da notuna, da mariƙi, sun isa mai walda ya harhaɗa abin lanƙwasawa: ɗaya ya ɗauki fallen, ɗaya ya danne shi, na uku ya ɗaga shi. Layi zai fito sambal, ba tabon guduma, yatsu kuma su tsira.

Wani zai ce maƙeri ya san duk wannan da hannunsa. Gaskiya ne, amma sai bayan shekaru da tulin fallen da ya ɓata, kuma ba ya iya bayyana wa yaronsa dalili. Akwai ma abin da hannu ba ya koyarwa: hayaƙin tutiya da ke tashi in an gasa kwano yana kawo zazzaɓi.

Saboda haka ina kira ga malaman injiniya su rubuta waɗannan ƙa'idoji da Hausa a takarda guda, da zane, su tura ɗalibansu maƙera su gwada su tare da masu sana'a. Ɗalibin zai koyi riƙon guduma, maƙeri kuma ya rage asarar falle.