Faifan Farko Na Madonna: Ina Daɗin Yake?

A shekarar 1983 Madonna ta fitar da faifanta na farko mai waƙoƙi takwas, tana 'yar shekara 24. Har yau in muka sa shi a ɗakin kwana, ƙafafu kan soma motsi tun ba ta buɗe baki ba.

A ganinmu daɗin ba a muryar yake ba, gama siririya ce, ba ta kama ƙafar ta Donna Summer ba. Yana cikin kiɗan, wato gangar na'ura wadda ba ta gajiya, ba ta saɓa bugu, mai rawa ne kaɗai zai sare.

Amma fa kiɗan nan da masu shi. Reggie Lucas, baƙar fatar Amurka wanda ya taɓa kaɗa wa Miles Davis jita, shi ya shirya yawancin waƙoƙin. Da kamfanin Sire ya fitar da waƙarta Everybody a 1982, bai sa hotonta a bango ba, har mutane da dama suka zaci baƙa ce. Da kasuwa ta buɗe, fuskarta ce ta cika bangon faifan. Sunan Lucas kuwa, mu nawa ne muka san shi?